Yadda gwani zai koya wa sabon shiga buga sunuka

A yawancin wuraren da ake buga sunuka a Kaduna, daga rumfunan Tudun Wada da Rigasa har wuraren shaƙatawa na Barnawa da Unguwar Rimi, tsarin kusan ɗaya ne: wanda ya ci ya ci gaba da riƙe tebur, wanda aka ci ya biya ya koma benci. Gwanaye na jin daɗin wannan tsari, amma babu abin da yake koya wa sabon shiga. Yaro zai daɗe yana jiran layi, ya karɓi sanda, ya yi bugu biyu ko uku, a share teburin a gabansa, ya zaro kuɗi ya miƙa. In ya jure hakan na wasu makonni, abin da zai tashi da shi bai wuce dukan ƙwallo da ƙarfi yana fatan sa'a ba.

Wannan jagora ta wanda hannunsa ya riga ya faɗa ce, kuma yake son ya ɗauko ƙanensa ko abokinsa ko yaron shagonsa ya koya masa. Ina magana ne a kan teburin da muka saba da shi, mai ƙafa 7 ko 8 ko 9, mai ramuka 6, da ƙwallaye 15 da fara ɗaya, wanda ake rufe wasansa da baƙa. Wanda ake gani a talabijin a gasar Ingila, mai tebur ƙafa 12 da ƙwallaye 22, dokarsa daban ce, ko da yake riƙon sanda da saiti duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Mataki na farko: samo tebur a lokacin da babu kowa

Kada ka fara darasi bayan Isha'i, lokacin da wuri ya cika ana ihu ana tsokana. Mai koyo yana jin kunyar ido, kuma hannun mai jin kunya rawa yake yi. Ka yi magana da mai tebur ya ba ku da hantsi, ko tsakanin Azahar da La'asar, ku daidaita a kan kuɗin lokaci maimakon kuɗin wasa ɗaiɗai. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa. Abin da ya wuce haka baya zai fara ciwo, hankali ya tafi wani wuri. In ɗan makaranta ne, sai bayan an tashi ko ranar hutu, kuma da sanin gidansu. In aka kira salla, a jingine sanduna.

Kafin ya taɓa komai, ku duba kayan tare. Kwantar da sanda a kan tebur ka mirgina ta: in bakinta yana tsalle, ta karkace, a sauya wata. Dubi fatar da ke bakinta. In ta yi sumul tana sheƙi, ba za ta riƙe alli ba, a ɗan karce ta da samfefa. Sannan ka gangara ƙwallo a hankali daga wannan ƙarshen tebur zuwa wancan, ku zuba mata ido. Teburan da aka shimfiɗa wa dutse sukan tsaya daidai, amma na katako, irin wanda kafintoci ke haɗawa a gari, sukan lanƙwashe in damina ta ratsa su. In ƙwallon ta kauce, ka faɗa masa tun yanzu cewa laifin tebur ne, don kada gobe ya riƙa gyara hannunsa a kan kuskuren da ba nasa ba. Da hunturu kuma, ƙura na kwanciya a ƙyalle da jikin ƙwallaye, sai a share da buroshi a goge ƙwallaye da tsumma kafin a fara.

Mataki na biyu: tsayuwa da hannaye

A nan ne yawancin masu koyarwa ke yin gaggawa, don abin ba shi da armashi. Amma duk abin da mutum ya saba da shi a makonsa na farko, da shi zai tsufa.

In na-dama ne, ƙafarsa ta dama ta tsaya a kan layin da zai buga, ta hagu ta matsa gaba ta ɗan buɗe gefe. Ya sunkuya daga ƙugu, haɓarsa ta sauko kusa da sanda. Gwada shi: ɗan tura kafaɗarsa da yatsa biyu. In ya yi tangaɗi, tsayuwar ba ta yi ba, ya ƙara buɗe ƙafa. Bahago sai ya juya komai.

Hannun gaba shi ne matashin sanda. Ya shimfiɗa tafinsa a kan ƙyalle, ya ware yatsu, ya ɗan ɗaga gaɓoɓin sama, ya manna babban yatsa a jikin manuniya. Ramin da ya fito tsakaninsu nan sanda za ta kwanta. Tsakanin wannan hannu da farar ƙwallo kada ya wuce taƙi ɗaya. Bar shi da wannan buɗaɗɗen salo tukuna. Wanda ake zagaye sanda da yatsa yana da amfaninsa, amma yana rufe wa mai koyo ganin tsawon sandarsa. In gumi na sa sanda kamewa a fata, abin da ya zama ruwan dare a zafin Maris da Afrilu, a goge sandar da busasshen tsumma, a ɗan shafa hoda kaɗan a hannu. Kaɗan na ce, don masu zazzaga hoda su ne ke ɓata wa mai tebur ƙyalle.

Hannun baya shi ne mai aikin, kuma shi ne mai ɓarna. Sabon shiga yakan damƙe sanda har jijiyoyin hannunsa su fito. Ce masa ya sassauta har ya zama in ka fizgi sandar daga baya za ta zame. Gwiwar hannu ta tsaya a sama wuri ɗaya, daga gwiwar zuwa ƙasa ne kawai ke kai da komo kamar lilo. Lokacin da bakin sanda ya kusa taɓa fara, damtsen ƙasa ya kasance a miƙe yana kallon ƙasa. In ya karkata gaba ko baya, to wurin riƙon ne za a matsar. Ka tsaya a bayansa ka kalli gwiwar, sannan ka koma gefe ka kalli sandar ko a kwance take. Masu ɗaga gindin sanda sama ba dalili su ne ke huda ƙyalle.

Mataki na uku: bugu miƙaƙƙe, ba tare da rami ba

Zai so ya fara jefa ƙwallo a rami yau ɗin nan. Hana shi, amma ka gaya masa dalili.

Samo kwalbar lemo wadda babu komai a ciki, ka kwantar da ita a kan tebur. Ya saita, ya riƙa shigar da bakin sanda cikin wuyan kwalbar yana fitarwa ba tare da ya taɓa gefe ba. Da farko za ka ji ƙarar ƙwal-ƙwal a kowane shiga. Wannan ƙarar ta fi duk wani bayani da za ka yi masa, don kunnensa ne ke gaya masa hannunsa na kaucewa. Abin daɗin shi ne zai iya yin wannan a gida a kan teburin cin abinci, ba ya buƙatar biyan kowa.

Daga nan sai fara ita kaɗai. Ajiye ta a tsakiyar layin da ake buga ta daga kansa a farkon wasa, ya buga ta a tsakiyarta ta tafi bangon ƙarshe ta dawo. Ya bar sandarsa a inda ta tsaya, kada ya ɗago. In ya daki tsakiya da gaske, fara za ta dawo ta sumbaci bakin sandar. In ta dawo ta dama, ya daki gefen dama ne ba da saninsa ba. In ta hagu, hagu. Wasu za ka ga kullum gefe ɗaya suke kaucewa duk da hannunsu ya miƙe. Sau da yawa ido ne: kowa yana da idon da ya fi ɗaya rinjaye. Ya nuna wani abu mai nisa da yatsa idanunsa biyu a buɗe, sannan ya rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da yatsan bai gusa ba a cikinsa shi ne mai rinjaye. Sai ya ɗan matsar da kansa sandar ta fi kusa da ƙarƙashin wannan idon, ya sake gwadawa.

Koya masa jerin abin da zai yi a kowane bugu har ya zame masa jiki: ya goga alli, ya tsaya a miƙe ya ga layin, ya sauka, ya yi kai da komo sau biyu ko uku, ya ɗan dakata, ya buga, sanda ta wuce inda fara take da kamar faɗin tafin hannu, ya zauna a sunkuye har ƙwallo ta tsaya. Ɗagowa da wuri ita ce cutar da ta fi yawa. In ya ƙi bari, ɗora tafinka sama da kansa kaɗan ba tare da ka taɓa shi ba. In ya ɗago zai ji.

Mataki na huɗu: saiti

Yanzu a kawo ƙwallo ta biyu. Fara da miƙaƙƙe: ƙwallo kusa da ramin tsakiya, fara a bayanta, duka a layi ɗaya. In ya ci sau da yawa a jere, ka ƙara nisa.

Yankan gefe shi ne inda kai ke ɗaurewa, kuma a nan gwanaye da yawa ke kasa bayani, don su kansu ba su san yadda suke yi ba, ido ne kawai ya saba. Ga hanyar da ta fi sauƙin nunawa. Ɗauko wata ƙwallo ka manna ta a bayan wadda za a ci, yadda su biyun za su yi layi ɗaya da tsakiyar rami. Ka ce masa: "Ka ga inda wannan take? Nan fara za ta zo ta tsaya a lokacin da za ta taɓa." Ya sauka ya saita sandarsa a tsakiyar ƙwallon da ka manna, sai ka ɗauke ta, ya buga zuwa gurbin da ta bari. Gani ya kori ji. Bayan an maimaita, kai za ka daina ajiyewa, shi zai riƙa ganin gurbin da idon zuci.

Kuskuren da kowa ke yi a nan shi ne saita tsakiyar fara a daidai ɗigon da ake son taɓawa. Ƙwallo tana da faɗi, gefenta ne zai riga isa, sai yankan ya yi kauri ƙwallo ta daki bango kafin rami. In ka ga yana yawan yin kauri, wannan ne dalili.

Akwai ma'auni ɗaya da ya kamata ya haddace. In ya saita tsakiyar fara a daidai bakin gefen ɗaya ƙwallon, wato rabi ya rufe rabi, ƙwallon za ta tafi a karkace da kusan digiri 30. Wannan yanka yana yawan fitowa a wasa, kuma in ya san shi, sauran sai ya riƙa auna su da shi: wannan ya fi rabi kauri, wancan ya fi rabi siriri. Idonsa kuma, a bugun ƙarshe, ya kasance a kan ƙwallon da zai ci. Ya gama da kallon fara tun yana kai da komo.

Mataki na biyar: ina fara za ta tsaya?

Wannan tambaya ita ce ta raba mai buga sunuka da mai dukan ƙwallo, kuma ita ce babbar kyautar da za ka ba shi. Kowa na iya cin ƙwallo ɗaya. Wanda ke share tebur yana yin haka ne don kowane bugu yana ajiye masa fara a inda na gaba zai yi sauƙi, har 'yan kallo su ce sa'a ce ke binsa.

Bugu uku za ka koya masa, a miƙaƙƙen layi, kuma a wannan jerin. Na farko tsayawa cak: ya daki fara ƙasa da tsakiya kaɗan da ɗan kuzari, yadda za ta isa tana zamewa ba tana mirginawa ba. In ta daki ɗayar a cike, nan take za ta tsaya. In nisa ya ƙaru, sai ya ƙara sauka ƙasa ko ya ƙara ƙarfi, don ƙyalle yana cinye juyin baya a hanya. Na biyu bi: ya daki sama da tsakiya, fara ta bi bayan wadda ta daka. Na uku ja baya, wanda shi ne kowane yaro ke mafarki. Ya sauke hannun gaba ƙasa, sanda a kwance, alli ya ji, ya daki ƙasa, kuma ya bar sandar ta wuce. Masu koyo sukan fizge sanda baya don tsoron kada fara ta dawo ta same ta, kuma wannan fizgar ce ke kashe juyin. Akwai iyaka: in bakin sanda ya wuce kusan rabin tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwallo da gefenta, zai zame, ka ji ƙyas, fara ta yi tsalle ko ta tafi inda ta ga dama.

In waɗannan sun zauna, nuna masa abin da ke faruwa a yankan gefe. Idan fara ta iso tana zamewa, irin bugun tsayawa cak, to bayan ta taɓa za ta tafi a kusurwar digiri 90 daga hanyar da ɗaya ƙwallon ta bi. Ya buɗe babban yatsa da manuniya su yi kusurwar bango: manuniya ta nuna rami, babban yatsa zai nuna masa inda fara za ta nufa. Da wannan kaɗai zai daina jefa fara a rami ba gaira ba dalili. Idan kuma fara ta iso tana mirginawa, a yankan da ba cikakke ba kuma ba siriri sosai ba, takan kauce daga hanyarta ta asali da kusan digiri 30, kimanin buɗewar manuniya da yatsan tsakiya.

Atisayen da na fi yarda da shi a wannan mataki mai sauƙi ne. Watsa ƙwallaye 3 a tebur, ka ba shi fara a hannu ya ajiye inda yake so. Kafin kowane bugu sai ya ɗora yatsa a inda yake son fara ta tsaya. Kana iya ajiye takarda a wurin. In ya ci ƙwallo amma fara ta tafi wani gari, ba a lissafa masa. In ya share ukun a jere sau da yawa, a koma 4. Nan zai gano da kansa cewa bugu a hankali ya fi bugu da ƙarfi, don rami ya fi karɓar ƙwallo mai tafiya sannu, fara kuma ba ta yin nisa.

Murza gefe, wato dukan fara a dama ko hagu da gangan, ka ɓoye masa shi tukuna ko da ya roƙa. In aka daki dama, fara takan ɗan kauce hagu daga layin saiti, kuma wanda bai gama mallakar tsakiya ba ba zai taɓa gane ko saitinsa ne ya ɓaci ko murzar ce ba. Zai ga bidiyon Efren Reyes na ƙasar Filifin a waya, wanda ya ci gasar duniya a 1999 da 2004, ya zo yana son ya zagaya bango uku. Ka tuna masa cewa mutumin tun yana ƙaramin yaro yake cikin ɗakin wasan kawunsa a Manila, ya yi shekaru yana abin da ba a ɗauka a bidiyo.

Mataki na shida: jeri, fashi da doka

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. A jera ƙwallaye a matse cikin katakon mai kusurwa uku, baƙa a tsakiyar layi na uku. In masu lamba ne, 1 zuwa 7 masu launi ɗaya ne, 9 zuwa 15 masu zane, 8 ita ce baƙa, kuma kusurwoyin baya biyu a sa ɗaya daga kowane kashi. In ja da rawaya ne, bakwai-bakwai ne da baƙa. A fashi, wato bugun farko da ke watsa jerin, ya fi kyau ya daki ƙwallon gaba a cike da matsakaicin ƙarfi da ya zuba duk ƙarfinsa fara ta tashi ta faɗa kan mai shayi.

Doka kuwa, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A dokar gasar duniya, in ka yi laifi abokin wasa zai ɗauki fara ya ajiye duk inda yake so, kuma bayan fara ta taɓa ƙwallonka dole wata ta faɗa rami ko ta taɓa bango. A teburan unguwa za ka tarar wani wuri bugu biyu ake bayarwa, wani wuri sai ka faɗi ramin da baƙa za ta shiga. Abin da kusan kowa ya yarda da shi: in ka jefa baƙa kafin ka gama naka, ko ta faɗa tare da fara, an ci ka. Koya masa ya tambayi dokar wuri kafin a fasa. Rigimar da ake yi a bakin tebur, mafi yawanta daga nan take tasowa.

Haka ladabin wurin: ba a tsayawa a gaban mai saiti, ba a yi masa magana yana sunkuye, ba a ɗora kofi ko abinci a gefen tebur, ba a goga alli a saman ƙyalle, in ka taɓa ƙwallo da hannu ko riga ka faɗa da bakinka ko ba wanda ya gani.

Mataki na bakwai: ku fara wasa, amma ka ɗaure hannunka

In kun fara karawa, kada ka share shi, kuma kada ka riƙa zubar da ƙwallo da gangan. Zai gane, kuma raini ne. Ka ɗora wa kanka nauyi a fili. Cire masa ƙwallaye 3 daga nasa tun farko. Ko ka ce kai ba za ka ci fiye da biyu a jere ba. Ko shi ya zaɓa maka ramin baƙa. Da haka kai ma za ka yi wasa da gaske, shi ma yana da abin fata. Yana ƙara ƙwarewa, kana rage rangwamen.

Wani lokaci ku buga a matsayin ɓangare ɗaya, kai bugu ɗaya shi bugu ɗaya, kana faɗin tunaninka da ƙarfi: me ya sa ka bar mai sauƙin da ke bakin rami ka ɗauki waccan, wace ƙwallo kake tanadi don ta kai ka ga baƙa, yaushe ya fi kyau a ɓoye fara a bar wa abokin karawa wahala maimakon a gwada abin da ba zai shiga ba. Wannan tunanin ba a ganinsa daga benci.

Bakinka kuma ka yi masa linzami. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya. In ka ce masa ƙafa, gwiwa, ido, alli duk a bugu guda, babu wanda zai kama. In ya zubar, fara da tambaya:

"Ƙanena, me ka gani?"

"Yaya, kamar na yi kauri."

"To me ya jawo?"

In ya iya ba da wannan amsa da kansa, ranar da ba ka nan ma zai iya gyara kansa. 'Yan benci masu jefo shawara daga nesa kuwa, ka roƙe su da girma da arziki su bar maka ɗalibinka.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son faɗa. A wasu teburan akwai masu jiran sabon hannu: su bar shi ya ci wasa ɗaya ko biyu, su zuga shi, sannan a ce a ɗora wani abu. Caca ce, addini ya hana, kuma ita ce ta ɓata wa wasan suna har iyaye ke jin haushin ganin ɗansu da sanda. Ka gaya masa yadda tarkon yake tun kafin ya faɗa, kai kuma ko na lemo kada ka taɓa ɗorawa da shi.

Ranar da ka ga yana share ƙwallaye 4 a jere yana faɗin inda fara za ta tsaya, ka kai shi layin yamma ya kara da wasu. Zaɓa masa wanda ya fi shi kaɗan, ba zakaran wurin ba. Kai ka koma benci ka yi shiru, ko ya waiwayo yana neman ido kada ka nuna masa ƙwallo. In an gama, ko ya ci ko an ci shi, ka ɗauki bugu ɗaya tak daga wasan, ka ce masa gobe da hantsi za ku sake jera shi yadda yake ku buga har sai ya shiga.